Malam Gwangwani da Maɓallin Rigarsa

Kafin bara, idan ka je makarantar firamaren da ke bayan tashar mota ka tambayi malamin aji shida da ainihin sunansa, mai gadi zai yi ta sosa ƙeya yana kallon sama. Amma ka ce masa Malam Gwangwani kake nema, ko tashi daga benci ba zai yi ba, zai ce ka kasa kunne kawai. Da gaskiyarsa kuwa, don Malam mutum ne da ake jin zuwansa kafin a gan shi. Yana da wata tsohuwar jakar yadi da yake ratayawa a kafaɗa, a cikinta akwai gwangwanayen madara guda shida, kowanne an rubuta masa lamba da jan fenti. Duk takun da ya yi sai sun amsa masa, ƙwaram-ƙwaram, tun daga bakin ƙofa har cikin aji.

Dogo ne siriri, mai tabarau a kan karan hanci. Kullum za ka gan shi tsaf cikin farar riga mai dogon hannu, maɓallai a jere har wuya, ɗinkin 'yarsa ta ƙarshe wadda kowa ke kira Auta. 'Yan shekarun nan ciwon gaɓɓai ya kama masa yatsu, har riƙe alli ya zama aiki, amma kada ka kuskura ka ce masa sannu. Zai dube ka ta saman tabarau ya ce, "Sannu da me?"

Shekararsa talatin da huɗu yana koyarwa, kuma ashirin na farko babu gwangwani a cikinsu. A wancan zamani Malam sarkin hadda ne. In ajinsa ya ɗauki karatu, har masu shagunan bakin titi sai sun samu rabonsu. Akwai wani mai facin taya da bai taɓa taka ƙofar makaranta ba, amma har yau in ka tashe shi daga barci zai jero maka bakwai sau bakwai da sunayen ƙasusuwan hannu. Malam yana alfahari da wannan ƙwarai. 'Ya'yansa maza biyu ma kawunansu irin nasa ne, abin da ya shiga ba ya fita, suka yi ta zuwa na ɗaya har suka gama jami'a.

Sai ga Auta. Yarinya ce mai shiru, mai son linke takarda da tsinke zaren gefen labule don ta ga yadda aka saƙa shi. In an ce a maimaita, bakinta yana motsi tare da na kowa, amma in an tsayar da ita ita kaɗai sai ta yi tsuru-tsuru. Da ta zo aji shida kuwa ta faɗo hannun ubanta. Ƙarshen shekara ya ɗauki jan biro ya rubuta a katin sakamakonta: "Kanta ba ya ɗaukar karatu. A yi haƙuri da ita." Ya rubuta a matsayin malami, ya naɗe katin ya kawo gida, ya zauna ya karanta a matsayin uba, ya girgiza kai, ya sa hannu. A ganinsa adalci ya yi, bai fifita 'yarsa a kan 'ya'yan mutane ba. Auta ta lallaɓa ta gama sakandare da ƙyar, ta tafi koyon ɗinki.

Bayan wannan ne aka tura malamai bita ta kwana biyar. Malam ya tafi ne don shan shayi da gyangyaɗi a kujerar baya, don a tunaninsa babu wanda zai koya masa koyarwa. Mai ba da bitar wata 'yar ƙaramar mace ce mai babbar murya. Ta ce kafin malami ya shiga aji, ya fara tambayar kansa abin da yake so yaro ya iya yi idan ya fito. Ta ce iyawa kuma hawa-hawa ce, har hawa shida. Malam ya yi hamma. Sai ta ce kowa ya kawo tsofaffin takardun jarrabawarsa gobe, da almakashi.

Washegari aka yanyanka tambayoyi ɗaya-ɗaya, aka ce kowa ya kasa nasa kashi shida a ƙasa, gwargwadon abin da tambayar take nema daga yaro. Malam ya zo da tambayoyin shekara ashirin a buhu, yana taku ɗai-ɗai. Da ya gama kasawa, kashin farko, na abin da yaro zai tuno kawai ya faɗa, ya kai masa idon sawu. Na biyu 'yan takardu bakwai. Na uku guda biyu, su ma ɗaya iskar fanka ce ta kawo ta daga kashin maƙwabcinsa. Sauran ukun kuwa siminti ne zalla. Ya ce a sake dubawa, aka sake. Ranar ko shayin bai iya sha ba.

Da ya dawo gida sai ya bi ɗaki-ɗaki yana tara gwangwanayen madara. Matarsa, wadda yara da manya ke kira Umma, tana shanya wanki a igiya, ta tsaya tana kallon ikon Allah.

"Malam, lafiya? Bola ka koma?"

"Ummansu, zo ki ga abin da aka ɓoye mini shekara ashirin." Ya jera su a kan dakali. "Ɗauki wankin nan naki. In na tambayi yaro sunan abin da ruwa ke zama in ya ji zafi, ya ce tururi, tunawa ce kawai, gwangwani na ɗaya. In na ce ya gaya mini da bakinsa, ba da bakin littafi ba, dalilin da ya sa wanki ke bushewa, to ya shiga na biyu, fahimta. In na ce ga rigar makarantarsa a jiƙe, saura awa ɗaya a buga ƙararrawa, yaya zai yi, wannan aiki da sani ne, na uku."

"To, na huɗun fa?"

"Riga biyu aka shanya tare, ɗaya ta bushe ɗaya ta ƙi. Ya warware mini zancen, ya gano inda bambancin yake. Na biyar ya auna, igiyar bayan ɗaki ko ta tsakar gida, wacce ta fi, ya kuma kare maganarsa. Na shida kuwa," ya ɗaga gwangwanin sama kamar kofin gasa, "ya ƙirƙiro mini hanyar busar da kaya a cikin ɗaki ranar da ake ruwa, wadda ba wanda ya nuna masa."

Umma ta matse wani zane ta yarfa shi a igiya. "Ashe ni na daɗe da gama makarantar taku. Yaushe za a ba ni takardata?"

Ya yi dariya ya wuce, bai ɗauki maganar da nauyi ba.

Tun daga ranar babu tambayar da ta sake shiga jarrabawar aji shida sai ta kwana a gwangwani. Yana rubuta kowacce a 'yar takarda, ya jujjuya ta, ya jefa inda ta dace, in ya ga na ɗaya ya cika ya bar sauran da yunwa sai ya sake lale. Ƙananan malamai suna kawo masa tsarin darasinsu a tsorace. Wani ya rubuta, "A ƙarshen darasi ɗalibi zai san sassan fure." Malam ya ce, "Zai sani? Ta wace taga zan leƙa kansa in ga ya sani? Rubuta abin da zai yi da hannunsa ko bakinsa. Zai lissafa ne, zai zana ne, ko zai tsinko furen ya rarraba?" Akwai shekarar da masu duba makarantu za su zo, hedimasta ya roƙe shi ya ɗan matsar da tambaya biyu daga na uku zuwa na shida don takarda ta yi kyau. Malam ya ce ko shi ya haifi tambayar ba zai yi mata wannan alfarmar ba. Suka yi sati ba sa gaisawa sosai.

A gida ma ba a tsira ba. Umma ta ce, "Malam, ina ka ajiye makullin ɗakin ajiya?" Ya ce, "Tambayar gwangwani na ɗaya." Ta ce, "To ga ta na biyar. Tsakanin wanda ya ɓatar da makulli da wanda ya zauna yana yi wa tambaya aji, wa ya fi bukatar addu'a? Ka kare maganarka." Ya tashi ya nemo makullin.

Shekara goma sha huɗu yana wannan aiki. Ya sake auna tambayoyinsa, ya sake auna darussansa, har huɗubar da yake yi wa yara a taron safe sai da ya kasa ta kashi-kashi. Abu ɗaya ne bai taɓa komawa ya sake dubawa ba, shi ne layi biyun nan da ya rubuta da jan biro. Ba mugunta ba ce. Ya manta da su ne kawai, irin mantuwar wanda ya yi rubutu, ba irin ta wanda aka rubuta a kansa ba.

Ana cikin dogon hutu, wata Laraba da hantsi, Umma ta dawo daga shagon Auta ta ajiye masa wata takarda a cinya. Takardar duk ta yi shatin gindin buta. Fom ne daga cibiyar koyar da sana'a ta unguwa. Shugabar cibiyar ta taɓa kawo wa Auta gyaran wata riga da teloli uku suka kasa, ta ga aikin, shi ne ta aiko tana neman ta zo ta riƙa koyar da ɗinki. Abin da ake bukata kawai ta cike fom, ta jera abubuwan da take so ɗalibai su iya, daga mataki na ƙasa har zuwa na ƙirƙira, ta mayar ranar Litinin. In Litinin ta wuce za a ba wani.

"Sati biyu ke nan yana wurinta," in ji Umma. "Ta mai da shi abin ɗora buta."

Malam ya ji kamar an yi masa albishir da kujerar hedimasta. Matakan manufa! Ai gidansu aka zo. Ya saɓi jakarsa, ƙwaram-ƙwaram, sai shagon Auta.

Shagon ɗaki ɗaya ne tsakanin mai sayar da fenti da mai aski. Keken ɗinki biyu, teburin yanka, dutsen guga, dogon madubi da ya tsage a kusurwa, da kwalaben maɓallai a kan kanta. Auta, wadda yanzu ta ba talatin baya, tana duƙe da tef a wuya da allura a baki. Ta cire allurar ta gaishe shi, ta share masa kujera. Da ta ga takardar a hannunsa sai fara'arta ta ragu.

"Baba, don Allah a bar maganar nan. Ni ina ni ina koyarwa?"

"Me zai hana? Fom ɗin ne? Minti goma na cike miki shi."

"Ba fom ba ne. In tsaya gaban mutane a ce mini malama, ni da kaina ba ya ɗaukar karatu?" Ta yi murmushi, ba da fushi ta faɗa ba. "Kai fa ka rubuta, Baba. Ka kuma sa hannu."

Malam ya dubi takardar da ke hannunsa. Shi ya manta, ita kuwa ga shi ta kawo masa kalma bayan kalma, babu tuntuɓe, yarinyar da aka ce ba ta iya hadda ba. Kunya ta kama shi irin wadda bai ji ba tun ranar bita. Amma Malam bai iya ba da haƙuri da baki ba, abin da ya iya shi ne gwangwani. Ya zazzage jakarsa ya jera su a gefen teburin yanka.

"Ba ni kwalbar tsofaffin maɓallan can. Zan zauna a nan Alhamis, Juma'a da Asabar. Ke dai yi aikinki. Duk abin da na ga kin yi, zan jefa maɓalli inda ya dace. In mun gama sai mu duba."

"Baba, za ka kore mini mutane."

"Ba zan ce uffan ba."

Ta dube shi, ta dubi gwangwanayen. Ta san halinsu tun tana budurwa. "To na ji. Amma takardar ta ce malami ya kai ɗalibai har ƙirƙira. Ni kwaikwayo nake yi, a nuna mini hoto in ɗinka. In na shidan nan ya samu maɓalli ko guda ɗaya, zan cike. In bai samu ba, a bar ni da butata. Kuma ban da alfarma."

"Ni za ki ce wa ban da alfarma? Je ki tambayi hedimasta."

Alhamis da sassafe ya riga ta zuwa. Mace ta farko da ta shigo ta zo ɗinka wa yaranta uku kayan makaranta, tana tambayar yadi nawa za ta saya. Auta ko ɗagowa ba ta yi daga keke ba. Ta ce, "Biyu da kwata kowanne, shida da kwata uku ke nan. Amma sayi bakwai, irin wannan yadin yana tsukewa in ya sha ruwa." Malam ya zaro biro ya yi lissafin a bayan hannunsa. Daidai. Wannan fa shi ne lissafin da ta ci biyu cikin goma a ajinsa. Ya jefa maɓalli a na uku, ƙwal.

Matar ta waiwaya. "Baban nan sadaka ake ba shi?"

"Mahaifina ne," in ji Auta, kanta a ƙasa. "Malamin makaranta ne."

"Allah sarki. Allah ya ba shi lafiya."

Mai aski da ke leƙe ta taga ya yi dariya har da riƙe ciki, kafin azahar duk layin an san Malam yana yi wa Auta jarrabawa.

Wani magidanci ya kawo wando da aka ɗinka masa a wani wuri, ƙafar hagu kullum sai ta murɗe ta koma gefe. Auta ta juya wandon ciki waje, ta bi ɗinkin da yatsa, ta ja yadin nan ta ja can. Ta ce, "Ɗinkin lafiyarsa lau. Wajen yanka aka samu matsala, ba a bi tsayin zaren yadin ba, an karkata don a yi tsimi. Ƙafar dama an bi, shi ya sa ita ta zauna." Ƙwal, na huɗu. Wata amarya ta zo da hoto a waya da yadi mai tauri, Auta ta bayyana mata dalilin da ya sa rigar hoton take zubowa, ta ce nata yadin tsayawa zai yi kamar kwali, ta kawo mata fasali biyu ta ce ga wanda ya fi da dalilinsa. Malam ya jefa a na biyu, ya jefa a na biyar, har ya manta alkawarinsa ya ce, "Madalla!" Auta ta harare shi da wasa, ya kama bakinsa.

Na ɗaya ne ya fara ba su gardama. Auta ba ta riƙe lambar wayar kowa, sunayen masu kawo ɗinki ma sai ta ce Mai Shuɗin Yadi ko Maman 'Yan Biyu. Ta leƙa gwangwanin da yamma ta ce, "Ka gani ko, Baba? Na farkon ma fayau." Sai ga wata mata ta shigo wadda rabonta da shagon shekara biyu. Auta ta ce, "Kafaɗa sha shida, hannu ashirin da uku, ba kya son aljihu." Aka sa tef, haka ne. Malam ya jefa uku a jere yana kallonta, ta kau da kai tana dariya.

Ya koma gida ranar yana ta zuba. Umma ta ce, "Yau ka san 'yarka?" Ya ce shayin ya yi sanyi.

Juma'a ma haka aka yi. Zuwa Asabar da azahar na uku ya cika har ya fara zuba a murfin kwalba, na huɗu da na biyar sun wuce rabi. Na shida kuwa in ka leƙa sai ka ga gindinsa yana ƙyalli. Malam ya fara zufa. Ya ga yadda idon Auta yake zuwa kan gwangwanin nan a sace, ya gane ashe tana so, tsoro ne kawai ya hana ta. In aka rufe shago yau babu komai a ciki, to ya sake sa hannu ke nan a kan tsohon rubutunsa, wannan karon a gaban duk layin.

Can aka kawo siket da dutsen guga ya ƙona. Auta ta yanko ƙyalle ta yi masa siffar ganye, ta rufe ƙunar, ta ƙara wasu biyu a gefe har abin ya zama ado. Hannun Malam ya tafi kan na shida. Ba wanda zai ce masa don me. Amma sai ya ce, "Auta, wannan dabarar taki ce?"

"A'a, Baba. Wajen matar da ta koya mini na gani."

Ya ja hannunsa ya jefa a murfin kwalba. Bai taɓa jin haushin gaskiyarsa ba sai ranar.

Bayan la'asar Umma ta iso da shayi a fulas, wai ta zo ganin sakamako. Tana zama aka ɗauke wuta, fanka ta tsaya, shagon ya ɗauki zafi. A lokacin akwai wata ma'aikaciyar jinya a tsaye gaban madubi, ana gwada mata farar rigar aiki. Malam ya kai tudun hannunsa wuya ya ture, wuyan rigarsa ya buɗe, ɗas.

Ma'aikaciyar ta juyo daga madubi. "Baba, don Allah sake yi in gani."

"In sake me?"

"Yadda ka buɗe rigar nan. Ban ga ka taɓa maɓalli ba."

"Au, wannan? Ai haka ake yayi yanzu, 'yata. Maɓallan na ado ne." Ya danna da tudun hannu ta rufe, ya ture ta buɗe.

Ta matso ta nemi izini ta duba. A sama maɓallai ne sosai, har da ramukansu, ɗinke a kan juna. A ƙarƙashi kuwa ƙananan maɓallan ƙarfe ne irin na rigar jarirai, an ɗora kowanne a kan wani abu mai ɗan tauri mai faɗi, yadda ko ba yatsa, da tudun hannu ma zai kama. Ta ja bakin hannun rigar, ya buɗe ya koma, ashe roba ce a ɓoye a bayan maɓallin. Aljihun ma an ɗan karkatar da bakinsa, hannu yana shiga ba sai an lanƙwasa yatsu ba.

"Baba, shekarata goma sha biyu a ɗakin masu shanyewar ɓarin jiki. Kullum da safe mu muke ɓalla wa manyan mutane riga suna kau da kai don kunya. Da ana yayin wannan da na sani. A ina ka saya?"

Umma ta ajiye kofi ta fashe da dariya. "Wane yayi? Malam, kai kaɗai ke yayin nan a duk garin. Shekara uku da suka wuce yarinyar nan ta zo gida da safe, ta hango ka ta taga kana kokawa da maɓallin wuya, ka yi minti biyar kana tsaki. Ta ce in kwaso mata rigunanka ɗaya-ɗaya, in ce wanki suka tafi. Sau uku tana yi tana farkewa. Na farko ya yi maka tauri, na biyu yana buɗewa in ka ɗaga hannu a allo."

"Umma!" in ji Auta.

"Ta ce kada in gaya maka, wai Baba ba zai yarda a ce ya gaza ba, kuma kada yara su gani su yi masa dariya."

Malam ya sunkuya yana kallon ƙirjinsa. Shekara uku yana sa rigar nan kowace safiya, yana yaba wa masu yayi a ransa. Ya ɗago ya dubi Auta, sai da ya yi tambayar, don ƙa'ida ƙa'ida ce.

"Wa ya nuna miki?"

"Ba kowa, Baba." Tana murza tef a yatsa. "Ai ba wani abu ba ne. Gani na yi kana wahala."

Ya miƙa hannu ya ɗauki almakashi a kan tebur, ya kama maɓalli na biyu a rigarsa zai yanke. Yatsun suka ƙi. Ya gwada, almakashin ya zame. Karo na farko a rayuwarsa Malam ya miƙa wa wani abu ya ce, "Taya ni, na kasa."

Auta ta karɓa ta tsinke zaren, ta sa masa maɓallin a tafin hannu. Ya jefa shi a na shida. Gwangwanin da babu komai a ciki ya fi kowanne ƙara.

"Auta," ya ce, "na yi kuskuren maki. Tambayar gwangwani ɗaya na yi miki, na yanke hukunci a kan shida. Malamin ya yi kuskure, uban da ya sa hannu ya fi shi. Ki yafe musu su biyun."

Ta rufe fuska da ƙyallen da ke hannunta, kafaɗunta suna rawa, ba a san kuka take ko dariya ba, ita ma ba ta sani ba. Umma ta share ido da bakin mayafi ta ce, "To, a ba ta takardarta mana. Ni dai na haƙura da tawa." Ma'aikaciyar jinya kuwa ta ce ita ba ta san me ake ciki ba, amma tana son irin rigar nan guda huɗu kafin ƙarshen wata.

Auta ta ɗauko fom ɗin ta shafe shi da dutsen guga mai sauran ɗumi, shatin butar dai bai fita ba. Malam ya gyara tabarau ya zaro biro, shuɗi. Ta ce a'a, ita za ta rubuta da hannunta, shi dai ya gaya mata gwangwanin da kowanne zai shiga. Suka faro daga sunayen sassan keke, suka bi ta awo da yanka, suna yi suna musu. Da suka zo layin ƙarshe ta daɗe tana tauna biro, sannan ta rubuta: ɗalibi zai kalli mutum, ya gano abin da ke ba shi wahala, ya ɗinka masa abin da bai roƙa ba.

Ranar Litinin ta kai da kanta. Yanzu shekararta biyu a cibiyar, ɗalibanta suna ce mata Malama, kuma an ce tana da tsanani wajen maki, ba a san inda ta gado ba.

Malam ya yi ritaya bara, ya bar wa makaranta gwangwanaye biyar. Na shidan yana kan kanta a shagon Auta da maɓalli ɗaya a ciki. Farar rigar nan kuwa har yau yana sa ta, da giɓinta a ƙirji. Sau da yawa Auta ta ce ya kawo ta mayar masa, minti ɗaya ne, ya ƙi. In wani ya ce, "Malam, maɓallinka ya faɗi," sai ya tsayar da shi a tsakiyar hanya, ya danna ya ture, ya nuna masa rigar tana rufuwa lafiya lau, sannan ya gaya masa wadda ta ɗinka.